Waya ko na'urar GPS ta hannu, wanne ya fi wajen neman ɓoyayyen kaya da yara?

Hajiya barka da warhaka, ya yara ya zafin Garwa. Kin ce kina son ki riƙa fita da yara wasan nan na neman ɓoyayyen kaya da GPS idan an yi hutun makaranta, shin ki yi da wayar hannunki ko ki sa ƙaninki da ke Faransa ya turo miki Garmin, wato na'urar GPS ta hannu. Ni dai nawa ganin ki bar masa kuɗinsa wayar ta isa, amma bari in jera miki su biyun ki zaɓa da kanki.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, da Turanci geocaching ake ce masa, wani ne zai ɓoye 'yar roba mai murfi da takarda a ciki da ɗan abin wasa, ya ɗauki lambobin GPS na wurin ya ba mutane, su kuma su bi lambobin har su gano, su sa suna a takardar, in sun ɗauki abu su ajiye wani a madadinsa su mayar da robar inda take. A Amurka aka fara a watan Mayu 2000, bayan gwamnatinsu ta daina rage ingancin GPS da gangan ga farar hula, nan da nan wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon ya ce a nemo. Yanzu an haura miliyan 3 a duniya, sai dai yawancinsu Turai da Amurka ne, a nan wajenmu ba su da yawa, don haka ki sa a ranki ke za ki riƙa ɓoye wa yaranki.

To maganar rezo, wadda ita ce ke tsorata mutane. Da wayar da Garmin duk daga taurarin ɗan adam suke karɓar saƙo, suna can sama kusan kilomita 20,200, in na'ura ta kama huɗu ta san inda kike. Wannan ba ruwansa da Orange ko MTN, ko babu kiredi ko sisi GPS na waya yana aiki. Abin da ke cin intanet taswira ce, ita kuma sai ki sauke ta tun daga gida a manhajar OsmAnd ko Organic Maps ko ma Google Maps ɗin, shi ke nan. Bambancin kawai in babu rezo waya takan ɗan jima kafin ta kama wuri, ki tsaya a fili ki ba ta ɗan lokaci.

Daidaito kuwa kusan kunnen doki ne. A sarari duk su biyun za su kai ki kamar mita 5 daga wurin, wani lokaci ƙasa da haka, a ƙarƙashin manyan dogon yaro ko jikin dutse sai kibiyar da ke nuna hanya a allo ta fara rawa. Sauran aikin na ido ne, kuma nan ne ma yara suke jin daɗinsa, kowa na ɗaga dutse yana leƙa rami. Ki ba su sanda dan Allah, kada wanda ya sa hannu a kogon bishiya, kunama da maciji ba su san wasa ba.

Inda Garmin ya yi wa waya fintinkau shi ne batir da zafi, wannan ba gardama. Irin Garmin ɗin nan da ake kira eTrex batiri biyu ƙanana yake ci, irin na tocila da rediyo waɗanda ko a teburin mai shago na ƙauye za ki samu, kuma kamfanin ya ce suna kai awa 25, ga shi ba ya tsoron ruwa ko ƙura, yaro ya yar da shi ya ɗauka ya kakkaɓe a ci gaba, allonsa kuma ana gani tsakar rana. Waya kuwa kin san halinta, ki kunna GPS ki ƙure hasken allo a watan Maris ko Afrilu da zafi ke wuce 40, kafin ki ankara ta yi zafi jau ta rage haske da kanta batir yana zuba, in kuma an kwana babu wuta ai tafiyar ta mutu tun daga gida. Amma fa ku tambayi kanku, wa zai fita da yara tsakar rana a Garwa? Fitar awa ɗaya ko biyu ce bayan la'asar ko da sassafe, musamman lokacin hunturu, wannan kuwa waya mai cikakken caji ta ɗauke shi, in kina da abin ajiye caji na aljihu ma magana ta ƙare.

Abu ɗaya ki duba a wayar, kamfas. Wasu ƙananan wayoyi ba su da shi, kibiya ba ta juyawa sai kina tafiya. Ki buɗe manhajar alƙibla ki juya wayar, in kibiyar ta bi ki to akwai. Shi ma Garmin ɗin ba duka ke da shi ba, eTrex 32x yana da shi 22x babu, in dai sai an turo ɗin to a lura.

Sai abin da ya fi damuna. Garmin a hannu kamar oba-oba yake, ki yi tunanin mace da yara huɗu suna zagaye gindin bishiya da wannan abu suna duba lambobi sannan su cusa roba a ƙarƙashin dutse su tafi. Wani zai ce asiri ake binnewa, wani ya kira jandarma ya ce bam ne, kuma ba za ki ga laifinsu ba bayan abin da yankin Arewa Mai Nisa ya gani a hannun Boko Haram. Waya kuwa kowa na riƙe da ita, ba mai kallonki sau biyu. Duk da haka ko da wayar ce ki gaya wa jauro ko mai unguwa tukuna, robar ta zama fara mai nuna abin da ke ciki, ki rubuta a jiki da Faransanci da Fulatanci cewa wasan yara ne. Kada a haƙa rami, dama dokar wasan ta hana binnewa. A nisanci bariki, gada, makaranta, kasuwa da maƙabarta, wajen Mora da Kolofata da bakin iyaka kuwa kada ma a fara. Mafi sauƙi gonar dangi ko garka, ki ɓoye da safe ku nemo da yamma ku dawo da kayanku gida, don in kin bar su kwana biyu ko awaki ko yaran unguwa wani zai riga ku.

Kada a sa abinci ko alawa a ciki, tururuwa za su cika ta. Fensir, ƙwallon gilashi, 'yar sefa hamsin ko ɗari ya wadatar. Da damina kuma ban da cikin mayo, wato rafi, ko bakin Binuwai komai bushewar yashin.

Wajen rubuta lambobin ki kula, akwai salo fiye da ɗaya, wani digiri ne da ɗigo kawai kamar na Google Maps, wani digiri da minti kamar na manhajar Geocaching, in kin ɗauka da wannan kin shigar a wancan sai ki ga an jefa ki wata unguwar daban. Ki zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa, kuma lokacin ɗaukar lambar ki tsaya cak a wurin kamar minti ɗaya sai ta daina motsi kafin ki ajiye.

Garmin sai in maigida yana da wani amfani da shi, awon gona ko bin shanu can daji inda ake kwana ba caji, to nan kam a turo. In don yara ne kawai Hajiya ki fara da wayarki ranar Lahadin nan, wuri uku ya isa na farko, ki bar babbar ta riƙe wayar ƙananan su yi nema.