i5-12400F ko Ryzen 5 7600: wanne ya fi dacewa da mu a Yamai?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa kwamfutar wasa saboda eFootball, GTA V da Call of Duty, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Intel Core i5-12400F da AMD Ryzen 5 7600, dukkansu furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. A takarda kamar tagwaye suke, kowanne ƙwayoyin aiki 6 gare shi, kowanne an rubuta masa wat 65. Bambancin yana wajen kayan da za ka saya tare da su.

Na Intel ya fito a Janairun 2022, yana zama a soket LGA1700, wato gurbin da ake dasa shi a kan kart mer, babban allon da ake haɗa komai a kansa. Falalarsa ita ce yana aiki da RAM DDR4 ko DDR5, ya danganta da kart mer ɗin da ka zaɓa. In aljihu ya yi sanyi, sai ka nemi kart mer H610 ko B760 mai DDR4, ko da RAM ta hannu ce ta wadatar. Sai dai ka kula da harafin F ɗin nan: babu girafik a cikinsa ko kaɗan. Ranar da kart girafik ta samu matsala, baƙin allo za ka zauna kana kallo har sabuwa ta iso daga Kano ko Dubai.

Ryzen 5 7600 na Janairun 2023 ne, soket AM5, kuma DDR5 kawai yake karɓa, shi ya sa haɗinsa ya fi tsada. Ya fi ɗan'uwansa gudu a wasa, yana kuma da ƴar girafik a ciki da za ta riƙe ka ka kunna inji. Abin da ya fi ja na gare shi shi ne gobe. AMD ta ce za ta ci gaba da AM5 aƙalla har 2027, wato nan gaba ka cire shi ka ɗora Ryzen 7 7800X3D, wanda ya fi shi ƙarfi, a kan kart mer B650 ɗinka ba tare da sake komai ba. LGA1700 kuwa ya tsaya a zubi na 14 na furosesan Intel (12400F na zubi na 12 ne), kuma a 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wasu na zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda yawan wutar da suke ja, har ta ƙara musu garanti na shekara 2. Matsalar ba ta taɓa 12400F ba, amma ni dai ba zan sayi i7 na hannu daga waɗannan zubin ba.

Ko wanne ka ɗauka, ƴar fankar da ke zuwa cikin kwali ba don zafin Afrilu da Mayu aka yi ta ba, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40. Ka sa fanka mai tsayi, ka zaɓi akwati mai ragar tace ƙura, in hunturu ya kama ka riƙa hure shi. Kar ka yi rowa a akwatin wuta: wat 650 mai tambarin 80 Plus Bronze, da ondilar (na'urar riƙe wuta mai batir) a gabansa saboda ɗauke wuta. RAM kuma 16 GB, sanda biyu masu 8.

Kuɗin da ya fi yawa kart girafik za ka ba, irin RTX 4060 ko RX 7600, don ita ke ɗaukar nauyin wasa. In sayen Ryzen zai sa ka rage mata kuɗi, ɗauki 12400F. In kuɗin zai kai duka biyun, Ryzen 5 7600 nake ba ka shawara.