SwissADME a idon mai binciken haɗa magunguna a Kumasi

Shekara biyu ke nan ina karatun digirin digirgir a fannin haɗa sinadarai a nan Kumasi, kuma babu makon da ke wucewa ban buɗe shafin SwissADME ba. Cibiyar SIB, mai nazarin bayanan halittu da kwamfuta a ƙasar Suwizalan, ce ta samar da shi, aka kuma wallafa bayaninsa a mujallar Scientific Reports a 2017. Kyauta ne, ba ya neman rajista, kuma aikinsa shi ne hasashen yadda jiki zai karɓi sinadari: ko hanji zai tsotse shi, ko zai narke a ruwa, da yadda zai yi da hanta.

Darajarsa a wurina tana da alaƙa da halin da muke aiki a ciki. Kusan duk kayan haɗinmu daga waje ake kawo su, da dala ake saye alhali kuɗin binciken da sidi, kuɗin Gana, yake zuwa, kuma na taɓa jiran kwalba ɗaya tak wata uku a hannun wani dillali da kullum amsarsa ita ce kayan suna tashar jiragen ruwa ta Tema. Wanda yake cikin wannan hali ba zai so ya ƙarar da lita biyu ta ruwan narkarwa wajen tace sinadarin da tun farko ba shi da makoma ba. Saboda haka kafin in auna ko da giram ɗaya, sai in zana duk sinadaran da nake da niyyar haɗawa, in mayar da su rubutun SMILES, wato tsarin sinadari a rubuce da haruffa da lambobi, in jera kowanne a layinsa a shafin. Cikin 'yan mintuna sakamako ya fito, ko da a wayar hannu ce ina cikin turoturo, wato motar haya, daga Aboabo zuwa makaranta.

Shafin yana auna kowane sinadari da ƙa'idar da Christopher Lipinski ya fitar a 1997 don gane sinadarin da zai iya zama maganin sha, wato nauyin ƙwayar sinadari da bai wuce 500 ba, ma'aunin son maiƙo (yadda ya fi narkewa a mai a kan ruwa) da bai haura 5 ba, da iyaka a kan yawan wuraren haɗuwar haidurojin, 5 masu bayarwa da 10 masu karɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne bai dogara da lissafi ɗaya ba wajen auna son maiƙo. Hanyoyi 5 yake bi sannan ya ba da matsakaicinsu, kuma idan suka yi hannun riga da juna, wannan kaɗai ishara ce cewa a yi hattara. Akwai kuma hoton dafaffen ƙwai: sinadarin da ya faɗa cikin farin ƙwan ana sa ran hanji zai tsotse shi, wanda ya faɗa cikin gwaiduwa kuwa ana sa ran zai kai har ƙwaƙwalwa. Ban taɓa ganin hoton da ke saurin fahimtar da sabon ɗalibi irin wannan ba.

Sai dai a nan ne haɗarin yake. Aikina ya shafi kiriftolefin, sinadarin da ke cikin saiwar tsiron da Asantawa ke kira nibima, wanda aka daɗe ana shan jiƙonsa a Gana domin zazzaɓin cizon sauro. Idan ka saka shi a shafin, nauyinsa 232 ne kawai, bai saɓa wa ƙa'idar Lipinski ko ɗaya ba, ga shi fes kamar an wanke. Amma masana sun daɗe da sanin cewa yana kutsawa tsakanin zaren ƙwayar halitta ta DNA, yana kuma hana wani sinadarin jiki mai warware zaren yin aikinsa, abin da ke sa shi kashe ƙwayoyin jikin mutum. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Bradford ta Ingila suka shiga sauya masa fasali, har suka samu wani nau'i mai buromin biyu da ya fi ƙarfi a kan ƙwayar maleriya. Babu abin da shafin zai faɗa maka game da wannan, domin ba a gina shi don auna guba ko ƙarfin kashe cuta ba.

Wata ɗalibar digiri na biyu da nake taimaka wa ta taɓa zuwa da kwamfutarta tana murna, ta ce, "Yaya, duk goma sha biyun sun shiga ƙwai, ai an gama." Sinadarai goma sha biyun da ta saka a shafin take nufi. Na nuna mata cewa kiriftolefin ɗin kansa ya shiga, sannan muka koma kan teburin gwaji, inda uku daga cikinsu suka ƙi narkewa, suka kwanta a gindin kwalba kamar ƙullun koko. Hasashen narkewa shi ne ɓangaren da na fi ɗauka da taka-tsantsan, musamman ga sinadarai masu shimfiɗaɗɗun zobba irin namu. Haka makin sauƙin haɗawa da shafin ke ba kowane sinadari, wanda yake daga 1 zuwa 10: bai san abin da ke cikin ma'ajiyarmu ba, bai kuma san wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar dahuwar awa goma sha takwas ba.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Duk tsarin da ka saka yana fita ne zuwa na'urar da ke wata ƙasa, don haka malamina ya kafa mana doka cewa sinadarin da ake tunanin neman haƙƙin mallakarsa ba ya shiga kowane shafin intanet sai da izininsa. Sauran kuwa nakan sauke sakamakonsu a jadawali, in ajiye shi kusa da littafin gwajina, in cike gefensa da abin da na auna da hannuna.