Injin CPAP a gona babu wuta: batirin mota, litiyom, akwatin caji ko janareta?

Alhaji na ga tambayarka tun da safe, cewa za ka tafi yankan shinkafa wajen Kura ka kwana huɗu a gona cikin tanti, ga injin CPAP ɗinka da likita ya ce kada ka kwanta ba shi saboda ɗaukewar numfashin da kake yi a barci, ga shi can ko turken wuta babu, kana so a faɗa maka hanya mafi sauƙin kuɗi. To ni ma abokin ciwon ne, shekara uku kenan ina kwana da takunkumin nan a fuska, kuma na yi ɓarnar kuɗi kafin na gane kan abin.

Kafin ka taka ƙafa France Road sayen komai, ka fara sanin me injin yake ci. Abin da aka rubuta a jikin cajarsa, misali wat 90 na ResMed AirSense 10, iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne, injin ba ya jan haka duk dare. Fankar da ke hura iskar kanta ba ta da ci, kusan wat 10 ne ko sama kaɗan gwargwadon ƙarfin iskar da aka saita maka. Mai cinye wutar shi ne hitan da ke ɗumama ruwan tankin da ke ba iskar laima, da tiyo mai ɗumi in kana da shi, su biyun nan sai su ninka cin sau uku ko huɗu. Wato awa 8 da hita a kashe kusan 100Wh ne (Wh shi ne wat sau awa, ma'aunin yawan wutar da aka sha), da hita a kunne kuwa ka tasam ma 300 zuwa 400. Kwana huɗunka kenan ko dai 400 ko kuma ya haura 1,200, ka ga ai duk cinikin a nan yake.

Na biyu kuma, injin da wutar batir yake aiki a cikinsa, cajar ce ke juya ta bango ta koma DC, wato irin wutar batir. In ka haɗa batir da inbata sannan ka soka cajar, an juya wutar an sake juyo ta, kowane juyi da asararsa, kuma inbata ko ba ta ɗauke da komai tana shan nata. Akwai wayar DC ta musamman mai kan nan da ake sokawa a soket ɗin mota, ita ce za ta raba ka da inbata gaba ɗaya. Amma ka lura AirSense 10 bolt 24 yake so, shi ya sa wayarsa take da ɗan akwati a tsakiya mai ɗaga 12 zuwa 24, DreamStation na Philips kuma 12 ne kai tsaye. Ka sayi wadda aka yi wa samfurin naka, don Allah kar ka kai wa mai gyaran rediyo ya yanke ya haɗa, injin ya fi wayar tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu batirin mota da na litiyom. Na mota shi ne mai arha, kana ma iya aro wajen bakanike ko ka samu na hannu a Ƙofar Ruwa. Mai 75Ah (Ah shi ne awon girman batir) in ka buga da bolt 12 ɗinsa zai ba ka 900Wh a takarda, amma rabi kawai za ka taɓa, domin an yi shi ne ya tada mota na ɗan daƙiƙoƙi a mayar masa nan take, in ka riƙa zuƙe shi har ƙasa sau kaɗan zai mutu. To 450 ga wanda ke buƙatar 400, ka ga a bakin gaɓa kake, kuma sai in sabo ne. Ni da shi na fara, batir na hannu da wata 'yar inbata, hita a kunne don ban san komai ba. Ƙarfe uku saura na dare na biyu inbatar ta fara ƙara tit tit tit, iska ta tsaya cak, na farka ina fizge takunkumi kamar an danne min fuska da filo, sauran daren a zaune na ƙarasa shi jingine da buhun shinkafa, yaran da muke tare suna ta dariya wai dama minsharina ya fi ƙarar inbatar. Kuma kar ka ce za ka yi da wanda ke jikin motarka, gari zai waye kana neman masu turi.

Na litiyom, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, mai 50Ah yana ɗauke da 640Wh, don bolt ɗinsa ya ɗan haura 12, kuma kusan duka za ka iya sha ba abin da zai same shi, nauyinsa wajen kilo 6, da hannu ɗaya za ka ɗauka, alhali na mota ya kusa kilo 20 ga ruwan asid da ke cin riga. Yana jure caji da saukewa sau dubbai. Kuɗinsa a farko ya fi zafi sosai, farashin kuma bin dala yake shi ya sa ba zan faɗi lamba ba, sannan sai da cajarsa ta daban. Amma in ka dawo gida shi ne dai zai riƙe ka duk daren da aka ɗauke wuta, wanda a garin nan ba sai na yi bayani ba.

Akwatin caji irin su EcoFlow da Bluetti shi ma litiyom ɗin ne aka sa masa riga, da inbata da caja da allon da ke nuna saura kashi nawa, duk a haɗe. Kuɗin rigar kake biya. River 2 ƙarami na EcoFlow 256Wh ne, kwana biyu zai yi maka ta ƙofar DC da hita a kashe, River 2 Max 512 ne, shi zai kai ka huɗun da ƙyar. Daɗinsa ba haɗe-haɗen waya, kuma kana iya cajinsa a mota ko ka ba mai shagon cajin waya a cikin gari. Abu ɗaya ka duba, wasunsu suna kashe kansu in suka ji abin da ke ja ba shi da yawa, ka shiga saitin ka cire wannan tun a gida.

Janareta ɗan Tiger kuwa ni ban ba ka shawara ba. Kona fetur dare huɗu don abin da bai fi cin ƙwan fitila ba, ga ƙara, ga wutarsa mai hawa da sauka, sannan hayaƙinsa yana kashe mutum a cikin barci ba tare da ya ji komai ba, injinka kuma iskar wurin yake zuƙa ya tura maka hanci kai tsaye. In akwai shi a gonar a tada shi da rana can nesa a yi cajin batir, shi kenan amfaninsa.

Da ni ne kai, tunda duk kaka sai ka je, litiyom 50Ah da wayar DC zan saya, in kuɗi ya ragu in ƙara farantin sola mai wat 100 da 'yar kwantirolarsa, ko da ƙurar hunturu ta rage shi zai mayar da abin da ka sha da dare kafin la'asar, ka dai riƙa goge shi. In kuma tafiyar sau ɗaya ce tak, ari lafiyayyen batir a cika shi dam, ka sa kuɗinka a wayar kawai, ka ɗaura fiyus kusa da kan batirin.

Kashe hita a wannan sanyin zai busar maka da hanci, ba zan ɓoye maka ba. Ni dabarata ina zuba ruwa a tankin amma hitan na kan sifiri, iskar na bi ta kan ruwan tana ɗaukar ɗan laima, ya fi babu. Ƙarfin iskar kuma kar ka rage shi don tattalin batir, wannan hurumin likitanka ne. Ka tafi da tacen iska na canji ko biyu, ƙaiƙayin shinkafa da ƙura cikin kwana biyu suke mayar da farin ja. Kuma duk wanda ka zaɓa ka kwana biyu a kansa a ɗakinka kafin ranar tafiya, da safe ka duba nawa ya sha, lissafina na injina ne da saitina, naka zai iya ɗan bambanta. Wane samfuri ne ma naka Alhaji? Turo hoton bayan cajar in gani.