Kwaɓin sitaci ko tumatirin gwangwani: wanne ya fi nuna wa ɗalibi yadda kauri ke canzawa?

Ruwa da man gyaɗa kaurinsu ba ya canzawa, ko ka juya su a hankali ko da ƙarfi. Irinsu ne ake cewa suna bin ƙa'idar Niyuton, masanin kimiyya ɗan Ingila. Malamin kimiyya a Kaduna da ke son nuna wa ɗalibai abubuwan da ke saɓa wannan ƙa'ida, abu biyu za su ishe shi, kuma duka ana samunsu a Kasuwar Barci.

Tumatirin gwangwani idan an bar shi, ƙwayoyinsa sukan cure su riƙe juna, shi ya sa ko ka kifa gwangwanin ba ya zuba. Da ka sa cokali ka juya, curin ya warware, kaurin ya ragu. Fenti ma haka yake. Sai dai yara sun saba gani a kicin, ba sa mamaki.

Sitacin masara kuwa, kofi 2 a kofi 1 na ruwa, akasin haka yake. Sa yatsa a hankali, ya nutse kamar a koko. Kai masa naushi, sai ya ƙame kamar daɓe, domin ƙarfin bugun yana matse ƙwayoyin su gogi juna, su cure, su toshe wa juna hanya. Kana sassautawa ya narke a tafinka.

Ni dai sitacin nake zaɓa, don hannun yaro ne ke jin canjin. Amma kada a sa ruwan zafi, zai dahu ya koma talge. Da hunturu kuma a rufe kwanon, iska na saurin busar da shi.