Sharhi: Yini Guda a Bikin Calgary Stampede na Kanada

Bikin Calgary Stampede, wanda ake yi tsawon kwana goma a watan Yuli a birnin Kalgari da ke lardin Albata na ƙasar Kanada, ya haɗa gasar kaboyi da ake kira rodiyo da baje kolin dabbobi da filin wasanni, kuma kusan mutum miliyan ɗaya da rabi ne suka halarce shi a 2024. Na yini a can tun daga hantsi har dare, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, muddin mutum ya fifita dawaki da shanu a kan lilo da kayan ƙwalam.

Gasar rana ita ce ƙashin bayan bikin. Ana fara ta da ƙarfe ɗaya da rabi, kuma tikitinta ya haɗa da kuɗin shiga harabar baki ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hawan doki mai tutsu, inda ake buƙatar mahayi ya daure daƙiƙa takwas yana riƙe da igiya da hannu ɗaya, ba tare da ɗaya hannun ya taɓa dokin ko jikinsa ba. Alƙalai suna raba maki ɗari gida biyu, rabi na mahayi, rabi na dabba, don haka wanda ya faɗa kan doki mai sanyi ba zai yi nasara ba komai ƙwarewarsa. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin ya sa 'yan kallo suna tafa wa doki da sunansa kamar yadda suke tafa wa mahayinsa. Hawan bijimi kuwa, duk wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho na mahauta zai gane irin faɗuwar gaban da ke cikinsa, kuma girmamawata ta fi karkata ga mazajen da ke shiga tsakanin bijimin da mahayin da ya faɗi.

Gasar zarge maraƙi ba ta kwanta mini ba. Na san daga aikin makiyaya ta samo asali, lokacin da ake kama maraƙi don yi masa magani ko shaida, amma ganin yadda igiya ke fizge ƙaramar dabba tana tsakar gudu ya sosa mini rai.

Wurin da nake ba kowa shawarar kada ya tsallake shi ne sansanin Elbow River Camp, inda ƙabilun asali na yankin, wato Siksika da Kainai da Piikani da Tsuut'ina da Stoney Nakoda, suke kafa tantunansu na gargajiya guda 26. Ba baƙi ba ne a bikin, domin tun a karon farko da Guy Weadick ya shirya shi a 1912, wani ɗan Kainai mai suna Tom Three Persons ne ya lashe gasar hawan doki mai tutsu. Rumfunan dabbobi ma suna da daɗin zagayawa, kuma manoman suna amsa tambaya cikin sakin fuska.

Filin wasanni bai bambanta da na sauran manyan bukukuwa ba. Abinci yana da tsada, kuma wajibi ne Musulmi ya yi tambaya kafin ya saya, saboda naman alade yana shiga girke-girke da yawa.

Da yamma ake tseren kekunan doki, wanda aka fara a 1923, kowane keke dawaki huɗu ke jan sa. Ƙasa har girgiza take idan suka wuce, sai dai dawaki shida sun mutu a tseren 2019, kuma daga baya aka rage yawan kekunan da ke fita lokaci guda daga huɗu zuwa uku. Na kalla ina jin daɗi da fargaba a lokaci ɗaya. Mai niyyar zuwa ya hau jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ke tsayawa a bakin ƙofa, ya kuma riƙe malafa da rigar ruwa, domin hadari kan taso ba zato a Kalgari, wani lokaci har da ƙanƙara.