Kyandirin kakin zuma na Sabon Gari da takardar da ke rakiyarsa

A cikin shagunan da ke sayar da kayan ibadar Kirista a Sabon Garin Zariya akwai guda ɗaya, a wani layi da ba shi da nisa da kasuwa, wanda wata dattijuwa ke riƙe da shi tare da jikanta, kuma daga tsakiyar watan Janairu cinikinsa yakan koma kan kyandir kusan gaba ɗaya. Dalili shi ne ranar 2 ga Fabrairu, kwana 40 bayan Kirsimeti, lokacin da Katolika da Angalikan ke tunawa da miƙa jariri Yesu a Haikali, ranar da Fada ke sa wa kyandirori albarka, jama'a kuma su shiga majami'a a jere, kowa da wuta a hannunsa. A nan nake saya wa ƙungiyar mawaƙanmu kyandir, kuma abin da na gani shi ne aikin hannun wannan baiwar Allah ya fi ƙarfin a kushe shi, amma takardar bayanin da ake cusawa a cikin kowane ƙunshi tana bukatar gyara sosai.

Abin da ya fitar da shagon daga sahun saura shi ne kyandirin kakin zuma, wanda Mama, wato dattijuwar mai shagon, ke yi da kanta a bayan shago. Tana sayen saƙa daga hannun masu amya na ƙauyuka bayan sun tatse zumarsu, ta narkar, ta tace da ƙyalle har sai ƙafafun ƙudan zuma da dattin itace sun fita, sannan ta zuba a cikin bututu da lagwanin auduga a tsakiya. Launinsa ba fari ba ne, ruwan ɗorawa ne mai ɗan duhu, kuma ba a cika samun guda biyu da suka zo iri ɗaya sak ba, domin kakin kowane daji da nasa launi. Idan ka kanga shi a hanci za ka ji ƙamshin zuma tun kafin a kunna, idan kuma ka danna farce zai shiga ba tare da ya ɓare ba. A cikin sanyin hunturu wani farin gari-gari yakan fito a jikinsa, wanda wasu masu saye ke ɗauka fumfuna ce har su nemi ragi, alhali kuwa wannan alama ce ta kaki na gaskiya, kuma shafa ɗaya da tsumma takan kawar da shi.

Wajen ci kuwa babu abin da zan ce sai yabo. Harshen wutarsa yana tsayawa cak, ba ya tartsatsi, ba ya fitar da baƙin hayaƙin nan da ke ɓata silin ya kuma shaƙe wa mawaƙa murya, sannan matsakaicinsa ya ɗauke mu tun daga jerin shiga har ƙarshen sujada, ya bar abin da za a tafi da shi gida. Wannan ragowar tana da muhimmanci, saboda mutanenmu ba sa yar da kyandirin da aka sa wa albarka. Sukan adana shi shekara guda, su kunna a gefen gadon mara lafiya ko lokacin addu'ar iyali. A nan ne bambancinsa da farin kyandirin kamfani yake fitowa fili. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa na kamfani, wanda ake yi da kakin da ake samu wajen tace man fetur, mai arha daga cikinsa yakan fara laushi tun kafin nan, don haka idan zafin Maris da Afrilu ya kama ɗakin kwano sai ka tarar da shi a cikin akwati ya lanƙwashe kamar lauje. Shagon yana sayar da farin shi ma, kuma ba a ɓoye maka cewa sari ne daga kasuwa. Wanda ban ga amfaninsa ba shi ne mai ado, wato farin da aka manna wa hoton takarda da zanen ruwan zinariya, domin ya fi tsada, kuma da zarar wuta ta sauko kan hoton sai takardar ta kama ci, abin da ba a so a hannun yaro.

Akwai ƙaramin abu guda da ya nuna cewa mai shagon ta san Zariya. Kowane kyandir yana zuwa da mazurarin kwali da ake zura shi a ciki, ba faifan kwali shimfiɗaɗɗe kaɗai ba, kuma wanda ya taɓa yin jerin gwano a harabar coci da sassafe a farkon Fabrairu ya san cewa iskar hunturu ba ta barin wuta tsirara ta yi taku goma. Mazurarin yana tare iska, yana kuma tare ɗigon kaki daga yatsu. Kwalin dai siriri ne, ba ya wuce amfani ɗaya.

Takardar bayanin shafi guda ce, Hausa a gaba, Turanci a baya. Rabinta na farko daidai yake: ta kawo labarin Luka sura 2, yadda Maryamu da Yusufu suka kai jaririn Urushalima bayan cikar kwanakin tsarkakewa bisa ga Shari'ar Musa, da hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu wadda aka yardar wa matalauta, da tsohon nan Saminu wanda ya karɓi yaron a hannunsa ya kira shi haske ga al'ummai, da kuma annabiya Hannatu. Daga wannan kalma ta Saminu ne kyandir ya samu wurin zama a wannan rana, kuma takardar ta faɗi hakan da Hausa mai kyau. Matsalar tana rabi na biyu, inda aka rubuta cewa Waliyiya Birijid ta ƙasar Ayilan ce ta fara bikin, wai ta ɗauko shi ne daga bikin wuta na Keltawa, mutanen ƙasar na dā, da ake kira Imbolc ta mayar da shi na Kirista. Wannan magana tana yawo sosai a intanet, tana kuma da daɗin ji, amma lissafin shekaru bai yarda da ita ba.

Wata mata mai ziyarar wurare masu tsarki, Egeria, ta ga ana yin wannan biki a Urushalima a tsakanin shekarun 381 da 384, ta kuma rubuta bayaninsa. A lokacin ana yinsa ne ranar 14 ga Fabrairu, domin mutanen can suna ƙirga kwana 40 ɗin daga 6 ga Janairu, ranar da suke bikin haihuwar Yesu. Ita kuwa Birijid, bisa ga abin da aka gada, an haife ta ne wajen shekarar 451, ta rasu wajen 525, wato bikin ya girme ta da shekaru masu yawa, kuma daga gabas ya taso, ba daga tsibiran yamma ba. A shekarar 542 Sarki Justiniyan na Daular Rum ta Gabas ya ba da umarnin a riƙa kiyaye shi a daularsa, Fafaroma Sarjiyus na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 687 zuwa 701, ya tsara masa jerin gwano a birnin Roma, addu'ar sa wa kyandir albarka kuwa ta kafu ne daga baya, wajen ƙarni na 11. Babu inda Ayilan ta shigo a cikin wannan silsila.

Abin da ya rikita mai rubuta takardar, a ganina, shi ne maƙwabtakar ranaku. Ranar Birijid ita ce 1 ga Fabrairu, kuma ta faɗo daidai kan Imbolc, ɗaya daga cikin bukukuwa huɗu da mutanen Ayilan na dā suke raba shekararsu da su, wanda ke nuna ƙarewar tsananin sanyi da lokacin da tumaki ke fara haihuwa, nono ya dawo gida. Birijid ɗin ma tana da nata labarin wuta, kuma babba ne. A gidan zuhudun da ta kafa a garin Kildare na ƙasar Ayilan an daɗe ana riƙe da wata wuta da ba a bari ta mutu, har wani malamin coci mai suna Gerald, mutumin Wales, ya rubuta a ƙarni na 12 cewa mata masu zuhudu 19 ne ke karɓa-karɓar tsaronta dare-dare, a dare na 20 kuma a bar wa Birijid ita da kanta. An kashe wutar a 1220 bisa umarnin babban bishop na Dublin, aka sake kunna ta, ta ci gaba har zuwa ƙarni na 16 lokacin da aka rufe gidajen zuhudu, sannan a 1993 sistocin da ke ɗauke da sunan Birijid suka sake kunna ta a garin. Tun daga 2023 gwamnatin Ayilan ta sa ranar hutu domin tunawa da ita. Masana da dama suna ganin cewa wasu sifofinta sun haɗu da na wata allahiya mai irin sunanta da ake bauta wa kafin zuwan Kiristanci, wadda aka danganta da waƙa da magani da ƙira, kuma da takardar ta tsaya a kan wannan da ban yi gardama ba. Wutar murhu ce da ake yi wa gadi a Kildare, kyandirin Haikali kuma yana da nasa asali daban, sai dai kwana ɗaya ne tak a tsakaninsu.

Gaskiya ne cewa a Turai jama'a sun ji duka biyun da jiki ɗaya. A Dublin hasken rana ba ya wuce kimanin awa bakwai da rabi a ƙarshen Disamba, zuwa farkon Fabrairu kuma yakan kai kimanin awa tara, don haka mutumin da ya kwashe makonni yana fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu ba ya bukatar wa'azi kafin ya fahimci kyandir a wannan rana. Mu a Zariya, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Abin da ke dushe mana rana a wannan lokaci hazo ne, duhun da muka sani kuwa na ɗaukewar lantarki ne. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a sayar wa ɗan Sabon Gari ko ɗan Wusasa labarin dawowar rana kamar shi ne ginshiƙin bikin, tunda kalmar Saminu ta ishe shi, kuma ita ce ta zo masa ko da wace irin rana ke sama.

Duk da haka ban ga laifin shagon da ya tuna da Birijid ba, domin fadocin Ayilan na ƙungiyar 'yan mishan na Afirka da ake kira SMA sun yi aiki mai yawa a wannan yanki, kuma Waliyi Patrick ne ma majiɓincin Najeriya a wurin Katolika. Jikan Mama yana saƙa gicciyen Birijid mai hannu huɗu da murabba'i a tsakiya, wanda a can ake yi da wata doguwar ciyawar fadama a rataye bisa ƙofa domin neman tsari daga gobara. Shi da kaba yake yin nasa, kuma saƙar ta matsu, bakin kowane hannu an ɗaure shi da zare tsaf. Kaba ta fi ƙarko a busasshiyar iskarmu, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Da na nuna wa mai shagon wurin da takardar ta kauce, ba ta ji haushi ba. Cewa ta yi, "Ɗana, ni kaki na sani, rubutun nan wani yaro ne ya ciro mana daga waya." Na ce, "Mama, ai ko Baba Katikis aka ba wa ya duba, da an huta." Ta yi alkawarin za a gyara idan waɗanda aka buga sun ƙare, sai dai na ga tarin da ya rage a ƙarƙashin kanta yana da yawa, saboda haka mai saye a bana zai same ta yadda take. A wannan zama ne ta fito mini da wani kaya da ba ta baje shi a gaba: kyandirori biyu dogaye da aka gitta aka ɗaure da jan ƙyalle, na ranar 3 ga Fabrairu, ranar Waliyi Blaise, bishop na Sebaste a tsohuwar Armeniya, wanda aka ce ya ceci yaron da ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya. Fada yakan kanga su a wuyan mutum ba tare da an kunna ba, ya yi addu'ar neman tsari daga ciwon maƙogwaro, kuma a watan ƙura da tari irin wannan layin masu zuwa ba ya gajarta. Coci-coci ne ke yin odar waɗannan, ba ɗaiɗaikun mutane ba.

Batun kuɗi, kyandirin kakin zuma ya ninka farin kamfani sau da yawa, kuma farashinsa yana motsi da farashin saƙa, wadda ba kullum ake samunta ba. Ƙungiyar da ke son da yawa gara ta kai oda tun farkon Janairu ta ba da kafin alƙalami, domin hannu biyu ne kawai ke aikin, kuma a makon ƙarshe na ga mutane suna komawa da fari don dole. Shagon ƙunci gare shi, babu wurin ajiye mota, ba a buɗewa ran Lahadi, sannan tura kuɗi ta waya yakan ɗauki lokaci saboda sai an kira jikan ya tabbatar da shigarsu. Ana kuma karɓar guntayen kyandirin kakin zuma da suka rage a coci, a auna su a sikeli, a rage maka kuɗinsu daga cikin sabon saye, da sharaɗin kada a gauraya su da guntayen fari, domin Mama takan shinshina kowane ɗaya kafin ta jefa shi a tukunya.