Kafin asibiti ya sayi kayan atisayen tiyata: wanne ya dace da Garwa da Marwa?

Matsaloli da yawa a ɗakin tiyata daga baki suke tasowa, ba daga hannun likita ba. An ce a kawo jini, kowa ya ɗauka wani ya tafi. Nas ta ga lissafin ƙyallen tsane jini bai cika ba, amma nauyin babban likita ya hana ta magana. Atisaye da majinyacin ƙarya don gyara wannan ake yinsa, kuma da wannan ma'aunin za a duba abin saye.

Mafi tsada shi ne mutum-mutumi mai kwamfuta, irin SimMan na kamfanin Laerdal na Norwe. Yana numfashi, ana jin bugun jininsa, mai koyarwa yana sauke masa hawan jini ko iskar oksijin daga kwamfuta. Ga masu ba da maganin barci yana da amfani ƙwarai. Sai dai kuɗinsa miliyoyin sefa ne masu yawa, kafin a zo maganar kwastan da dako daga Duwala. Yana bukatar ɗaki mai sanyi, wuta tsayayya da ma'aikacin da ya san manhajarsa. Zafin Maris da Afrilu a Garwa yana haura digiri 40, yana cin batir da fatar roba, ga ƙurar hunturu. In wani sashe ya lalace, sai an jira daga waje. Makarantar likitanci ce ta dace da shi, ba asibitin gunduma ba.

Masu sauƙin kuɗi su ne kayan da ba sa bukatar wuta. MamaNatalie, na'urar koyon karɓar haihuwa wadda mai koyarwa ke ɗaurawa a kan cikinta, tana da jakar jinin ƙarya da mahaifar da za a iya sa ta saki ko ta ɗaure. Tunda mutum ce ke sanye da ita, tana kuka, tana tambaya, tana suma, dole ma'aikata su yi magana da ita da juna. A haɗa da wayar hannu ko kwamfutar hannu mai manhajar da ke kwaikwayon allon bugun zuciya.

A ganinmu, ga yawancin asibitocin arewacin Kamaru har zuwa Injamena, wannan na biyun ne ya fi, muddin a ainihin ɗakin tiyata ake yi, da ainihin ma'aikatan: likita, mai maganin barci, ungozoma, nas, har da mai kai saƙo ɗakin jini. Nan ne ake gano cewa makullin firjin magani yana aljihun wanda ya tashi aiki.

Atisayen kansa minti 10 zuwa 15 ya isa, misali zubar jini bayan fiɗar haihuwa. Abin da ake saurare shi ne a nufi mutum ɗaya da umarni, ya maimaita, ya tabbatar, kamar wajen ba da oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta ɗaure: "Sista, oksitosin yunit 10." "Oksitosin yunit 10, na ji." Daga baya: "An ba da." Inda ake cakuɗa Faransanci da Fulatanci da Hausa, a tsayar da harshe ɗaya na sunan magani da adadinsa. Tattaunawar da ke biyo baya ta ninka atisayen a tsawo, a zaune, ba tare da tozarta kowa ba. Saboda haka kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi wajen horar da mutum biyu ko uku da za su iya jan wannan zama. Wayar da aka kafa a kusurwa ta isa ɗaukar bidiyo, da yardar kowa.

Takardar tantance matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fito a 2008 da tambayoyi 19, kyauta ce. Ana karanta ta kafin maganin barci, kafin yanka, da kafin fitar da majinyaci. Binciken 2009 a asibitoci takwas ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. A sa ta cikin kowane atisaye.

Dillali kuwa a tambaye shi a rubuce: garanti shekara nawa, wa zai gyara kuma daga ina, manhajar tana da Faransanci, akwai kuɗin lasisi duk shekara? Magungunan atisaye a liƙa musu alama mai launi, a ƙirga su kafin farawa da bayan gamawa, kada kwalbar ruwa ta saje da ta gaske a kan teburin mai maganin barci.